Ƙanena zai fara share dusar ƙanƙara da ƙaramar tarakta a Kanada, mi ya kamata ya kiyaye?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin harkar tarakta ku taimaka min da shawara. Ƙanena na karatu a Manitoba ta ƙasar Kanada, gidan da yake zaune wajen gari yake kusa da Winnipeg, kuma mai gidan dattijo ne ƙarfinshi ya ja baya, to suna da 'yar ƙaramar tarakta Kubota mai cebur a gaba shi ne ya ce yaron ya riƙa share masu hanyar shiga gida duk sadda dusar ƙanƙara ta zuba. Ya iya mota sosai, tarakta kuma ya ɗan taɓa a gonar kawunmu can Kware amma ɗan taɓi ne kawai. Tun da ya turo hoton wurin Inna ba ta da sukuni, kullum sai ta ce in kira shi in ja mashi kunne. Ina son in gaya mashi abin da zai amfane shi, ba a yi a hankali kawai ba.

Direban Goronyo:
Wa alaikumus salam ɗana. Ni aikina fadama ne da gonakin ruwa na dam, amma tarakta halinta guda duk inda anka kai ta. Abu na farko ka ce mashi kada ƙanƙantarta ta ruɗe shi, ƙaramar ta fi babba saurin kifewa don tsakanin tayoyinta babu faɗi. In ya ciko cebur ya sauke shi ƙasa-ƙasa, kamar taƙi ɗaya ko biyu daga ƙasa, ya tafi da shi haka nan, sai ya iso inda zai zubar sannan ya ɗaga yana tsaye a wuri mai daidai. Yaran da munka koya ma tuƙi duk nan suke kuskure, su ɗaga kaya sama don su ga gaba da kyau, su sha kwana, sai ka ga tayar baya guda ta bar ƙasa. Kuma a rataya mata nauyi a baya, in ba haka ba gaba ya rinjaya bayan ya yi sakayau birki ma ba ya kamawa don birkin a tayoyin baya yake.

In ta kafe kada a ɗaura sarƙa ko igiya sama, wurin jan kaya na ƙasa shi kaɗai aka ɗaurawa, in anka ɗaura sama tashi take ta faɗo ta baya kan mutum kafin ya kai ƙafa ga kuloci. Kada ya ɗauki kowa, kujera guda ce. Bel dai ni ban sa shi, gara in ta karkace in samu in yi tsalle.

Basakkwace a Saskatoon:
Baba direba Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa haka yake, amma maganar bel a yi min izini in ce wani abu don nan ne rai yake. Waɗannan ƙananan taraktocin na nan Kanada suna zuwa da wani ƙarfe mai kamar ƙofa a bayan kujera, aikinshi in ta kife ya tokare ƙasa ya bar ma direba fili. Amma filin ba ya amfani sai mutum na ɗaure a cikinshi, in babu bel tana wurgo ka waje ne kuma ƙarfen da aka yi don ya cece ka shi zai danne ka. Tsallen nan ma da wuya a samu, balle mutum ya sha rigunan sanyi da manyan takalma. Ƙasar Suwidin tun 1959 ta wajabta wannan ƙarfen a sabbin taraktoci kuma mace-macen kifewa suka ragu ƙwarai, Amurka ta bi a 1976 ga taraktocin da ma'aikatan gona ke tuƙawa. To ƙa'idar ita ce ƙarfe a tsaye bel a ɗaure. Sai in babu ƙarfen sam ne ake cewa kada a sa bel.

Ɗan Mabera ka tambaye shi ko ƙarfen a naɗe yake, don da yawa suna naɗe shi saboda ƙofar gareji sai su manta su miƙar.

Abin da ya fi ba ni tsoro ga baƙo shi ne dusar tana ɓoye ƙasa. Hanyoyin karkara a nan kusan duk da rami a gefe don ruwa, iska ta kwaso dusa ta cike ramin ya yi daidai da hanya fari fat, kai kana ganin fili ne ashe taya guda na kan iska. Shi ya sa mutane ke kafa dogayen sanduna masu kala a bakin hanya da bakin kwalbati tun kafin ta fara zuba. In ba a kafa ba ya sa dattijon ya fito ya nuna mashi da hannu, ga rami nan, ga murfin rijiya, ga tankin gas, ga inda aka binne tankin bayan gida. Sannan ƙarƙashin dusar sau da yawa ƙanƙara ce mai santsi kamar gilashi, ya sa sarƙa a taya, ya sa ta ja da ƙafa huɗu, ƙaramar giya, gangare kuma ya hau miƙe ya sauko miƙe kada ya ratsa ta gefe. Kada ya taho da gudu ya daki tsohon tarin dusa, ya riga ya daskare ya zama dutse.

Ɗan Mabera:
Na kira shi yanzu, wallahi a naɗe ƙarfen yake kamar yadda ka ce yaya. Ya ce kuma akwai wani inji da ake ɗaurawa a baya mai feso dusar gefe, dattijon ya ce da shi za a yi in ta yi yawa.

Basakkwace a Saskatoon:
To wannan injin ya fi cebur haɗari. Sandar PTO, wato sandar da ke fitowa daga bayan tarakta, ita ke juya shi, sau 540 a minti ɗaya, wato sau 9 kafin ka ƙirga daƙiƙa guda, in ta kama bakin mayafin wuya ko igiyar hular riga babu wanda zai iya fizgewa. Ya cusa komai cikin riga, kuma ya duba murfin robar sandar na nan lafiya. In bututun da ke feso dusar ya toshe, kuma zai toshe in dusar mai ruwa-ruwa ce, ya kashe PTO ya kashe inji ya zare makulli ya jira komai ya tsaya cak sannan ya sa sanda, hannu haram ko da a kashe take. Akwai wani ƙusa da aka yi shi musamman don ya karye in injin ya haɗiye dutse, in ya karye a sa irinshi, kada ya ce bari in sa mai ƙarfi. Kada ya juya bakin bututun wajen mutane ko taga ko mota don tsakuwa na fita da gudu. Kuma tunda da baya-baya ake aikin, yara da kare su kasance cikin gida kafin ya tayar.

Maman Asma'u:
Ni ma'aikaciyar jinya ce nan Sakkwato, nawa kan jikinshi ne. Don Allah kada ya tayar da inji ya bar shi yana ɗumama cikin gareji a rufe, hayaƙin nan ne dai irin na janareta da ke kashe mutane cikin ɗaki suna barci, gubar da ke cikinshi ba ta da wari, sai ciwon kai da jiri mutum ya zube. A buɗe ƙofa tukuna, da ta tashi a fito da ita. Sanyin can kuma yana kai digiri 30 ƙasa da sifili, in da iska fatar da ke buɗe na iya daskarewa cikin ƙasa da rabin awa, kuma wanda ke zaune kan tarakta ba motsi yake ba. In yatsa ko kunne ko hanci ya yi fari ya daina ji ya shiga gida, ruwa mai ɗumi-ɗumi za a sa, kada a murza kada a kanga a wuta don ba zai ji yana ƙonewa ba. Waya ta zauna a aljihun ciki kusa da jiki saboda sanyi na cinye batir, kuma ya gaya ma mutanen gidan zai fita. Ku gaida Inna, Allah ya tsare shi.

Direban Goronyo:
Amin Hajiya. Injiniya na Saskatoon na ji bayaninka, namu Massey Ferguson na nan mafi yawa ba su da wanga ƙarfe shi ya sa munka saba haka, tashi tunda da akwai to ya miƙar da shi ya ɗaura bel. In hanyar tasu ta fita babban titi ya haɗe birkin ƙafa guda biyu, na tayar hagu da na dama, da sakatarsu, in ya taka guda kan santsi juyawa za ta yi da shi, ya kunna fitilu ko da rana ne kuma ya goge alamar nan ruwan lemo mai jan gefe mai kusurwa uku ta baya don masu mota su gane abu ne mai tafiya sannu. Sannan duk sadda zai sauka, ko na minti guda ne, cebur ya taɓa ƙasa, ya ja birkin hannu, ya sauko yana fuskantar taraktar yana riƙe da ƙarfe don matakin na yin santsi.