Waɗanda suka bar cikin gari suka koma gefen Kano, yaya kuka samu zaman?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Gidanmu na gado a Dala ya yi mana kaɗan, ni da ƙannena duk mun ajiye iyali, haya kuma a cikin gari ba ta taɓuwa. An yi min tayin fuloti biyu, ɗaya a Danbare ta titin Gwarzo, ɗaya a Zawaciki. Shagona yana Kantin Kwari, yarana duk 'yan firamare ne. Don Allah waɗanda suka riga mu fita, ku faɗa min gaskiya.

Mazaunin Danbare: Wa alaikumus salam, Alhaji. Lokacin da na sa harsashi, gero ake nomawa a bayan katangata. Yau wurin shaguna ne a jere, har da mai POS da mai cajin waya. Sabuwar Jami'ar Bayero ce ke jan unguwar: ɗalibai na neman ɗaki, ma'aikata na neman gida, mai abinci da mai ɗinki duk suna samu. Maƙwabcina ɗakuna ya fitar ta waje ya zuba 'yan haya, da su yake cefane. Amma kai da za ka riƙa shiga Kwari kullum, zauna ka yi lissafin abin hawa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, adaidaita sahu ya zama wani kuɗin hayar. Ga cunkoson safe daga Rijiyar Zaki zuwa Kabuga. Idan ban fita bayan asuba da wuri ba, rana ta gama da ni.

Malamar firamare: Alhaji, ni batun yaran ne ya tsaya min, domin aikina ke nan. Gidaje sun fi ajujuwa saurin tashi. Makarantar da nake koyarwa an gina ta ne tun wurin yana ƙauye, yanzu unguwanni ne suka kewaye ta, kowa nan yake kawo nasa. Akwai ajin da idan na shiga ba ni da inda zan taka in isa baya, yara na zaune a ƙasa gwiwa da gwiwa, littafi a cinya. Wanda ke can ƙurya sai ya shekara ban duba rubutunsa yadda ya kamata ba, kuma abin yana ci min rai. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, an ga gyara da kujeru a wasu wurare, amma kowace safiya akwai sabon uba a ƙofar ofishin hedimasta riƙe da hannun ɗansa.

Shi ya sa makarantun kuɗi suka cika lunguna. Wasu nagari ne ƙwarai. Wasu kuwa gidan haya ne aka mayar, ɗakin kwana ya zama aji, ba filin wasa. Kada fenti da kayan makaranta su ruɗe ka. Shiga ciki ka ga banɗaki, ka buɗe littafin ɗan aji uku, ka tambayi ko malaman suna daɗewa. Sannan ka bincika inda sakandaren 'yan mata take, don shekarun nan kamar gobe ne.

Direba daga Panshekara: Ɓangarenmu na Kumbotso na masu neman aikin ƙarfi ne. Ga kamfanonin Challawa, ga tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki da marigayi Buhari ya buɗe a Janairun 2023. Tun ana maganarta dillalai suka ɗaga farashin fili. Sai dai ka shirya wa ƙura da tireloli, kuma idan filin ya matsa wajen masu jimar fata, je ka da yamma ka shaƙi iskar da kanka.

Maman 'Yan Biyu: Ku maza kuna ta lissafin mota, ba wanda ya ambaci ruwa. Famfo bai iso layinmu ba. Wanda bai haƙa burtsatse ba, kullum idonsa na kan mai kura, lokacin zafi kuma jarka sai ta yi tsada. Ga nisa da dangi: suna ko rasuwa a cikin gari sai ki ware yini guda. A shawarci uwargida tun kafin a biya, ita ce mai wuni a gidan.

Magini: Alhaji, tambaya ɗaya: filayen nan awon gwamnati ne ko awon igiya? Yawancin abin da muke ginawa a gefen gari gona ce aka yanka, mai ita yana son fuloti ya yi yawa, sai a matse hanya. Na yi aiki a layin da tifa ba ta iya shiga, da baro muka riƙa ɗebo yashi daga bakin titi, kuma ba a bar wurin kwata ba, balle na makaranta ko asibiti. Kada ka ga fili da rani ka biya. Bari a yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta ka je washegari ka ga inda ya kwanta. Takarda kuma a sa mai unguwa da dagaci a ciki, magada duk su sa hannu, sannan ka je KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ka tabbatar ba a zana titi ta kan filin ba. Idan za ka Danbaren ka yi min magana, ina da aiki a can, sai in zo da tef mu auna faɗin layin.