Shin a saman jirgin ruwan shaƙatawa ma sai an sa takunkumi?

Assalamu alaikum. A Jidda muke zaune, na biya wa kaina da mahaifiyata kafin alƙalami na jirgin ruwan yawon shaƙatawa a Bahar Maliya, irin waɗanda suka fara tashi daga nan a wannan shekarar ta 2021. Yanzu maganar takunkumin rufe baki da hanci saboda cutar korona ta tsaya mini a rai.

Hajiya tana da asma. Idan ta sa takunkumi ba ta wuce minti ashirin sai ƙirjinta ya fara shaƙewa, tabarau ya yi hazo har ba ta ganin matakala. Mun gwada na yadi, mun gwada shuɗin nan na asibiti, duk kanwar ja ce. N95 kuwa, takunkumin nan mai matse fuska, ko kallonsa ba ta son yi. Riga-kafin korona ta kammala, manhajar Tawakkalna ta gwamnatin Saudiyya da ke wayarta ma ta nuna haka.

Na kira kamfanin, wata ma'aikaciya ta ce a cikin rufaffen wuri kawai ake sawa. Na sake kira, wani ya ce ko'ina ne, sai a ɗakinka ko lokacin cin abinci. Takardar likita da na aika musu har yau shiru, ga wa'adin mayar da kuɗi yana ƙaratowa. Ni ba dokar nake ƙi ba, na san abin da ya faru da jirgin ruwan Diamond Princess a Japan a 2020, mutum sama da 700 suka kamu da korona.

Don Allah wanda ya shiga irin wannan jirgi kwanan nan: a buɗaɗɗen saman jirgi, inda iska ke kaɗawa, ana barin fasinja ya zauna ba takunkumi?