Rinin zaren geringsing na Bali: me ya sa jan ba ya kamawa?

Mai tambaya: Salamu alaikum. Waɗanda suka sa hannu a rinin zaren geringsing, zanen gargajiya na tsibirin Bali a Indonesiya, ina neman haske. An yi amfani da saiwar itacen mengkudu don samun ja, amma zaren ya fito fatsi-fatsi. Ina kuskuren yake?

Marini: Wa alaikumus salam. Malam, koma kan mai, can matsalar take. A ƙauyen Tenganan, gabashin Bali, ba a kai zaren auduga ga rini sai ya sha man 'ya'yan itacen kemiri da ruwan toka kwana 42, sannan ya bushe sarai. Man ne ke ba shi launin ɗorawa mai haske, shi ne kuma ke riƙe ja. In bai ratsa cikin zaren ba, ko sau nawa ka tsoma, wanki zai tafi da shi.

Masaƙiya: Haka ne. Sai kuma saiwar: ɓawonta ake dakawa, ba itacen ciki ba, na ƙananan saiwoyi ya fi launi. Ana haɗa shi da ɓawon itacen kepundung. Wasu marina suna sa garin busasshen ganyen itacen symplocos, wanda ke aikin alif. Kada a tafasa. A tsoma, a shanya, a ajiye watanni, a sake. Shi ya sa zane ɗaya ke cin shekaru.

Marini: Baƙinsu ma ba rini ɗaya ba ne. Baba ake fara yi, a ɗora ja a kai. Al'adar Tenganan ta hana rinin baba a cikin gari, sai a kai zaren ƙauyen Bugbug. Wanda ya san karofin Ƙofar Mata zai gane aikin: zare ya fito tsanwa, iska ta mai da shi shuɗi. In ya fito shuɗi tun daga ruwa, baban bai nuna ba, zai zuba.

Masaƙiya: A kula da ɗauri. Zaren tsaye da na kwance duka ake ɗaurewa kafin rini, a buɗe inda ake son ja bayan baba. Ɗauri ya yi sako-sako, launi ya kutsa, adon ba zai haɗu a masaƙa ba.

Mai tambaya: Hajiya, me ya sa launi uku kawai?

Masaƙiya: A addininsu na Hindu, launukan na allolinsu uku ne: ja na Brahma, baƙi na Wisnu, fari, wato launin ɗorawan nan mai haske, na Siwa. Sunan kansa daga gering, wato ciwo, da sing, babu. Suna ɗaukarsa kariya, har a bikin goge haƙora ana sa shi.