Wa ya taɓa hawa Chappal Waddi? Muna neman shawara kafin mu ɗau hanya

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah wanda ya san gandun dajin Gashaka-Gumti ciki da bai ya ɗan haska mana. Ni da abokaina mun jima muna wannan harkar ta hawan dutse, da su Dala da Goron Dutse muka fara da asuba don motsa jini, daga nan muka je Kufena a Zariya, bara kuma muka leƙa Shere a Jos, to yanzu ido ya buɗe so muke mu je babban gaba ɗaya wato Chappal Waddi da ke cikin gandun, tunda shi ne wuri mafi bisa a duk Najeriya, mita 2,419. Damuwar ita ce duk abinda nake gani a intanet hotuna ne kawai, mutum tsaye kan ciyawa ya ɗaga tuta yana dariya, babu mai gaya maka ta ina ya bi ya kai can.

Ta ina ake shiga, wane wata ya fi, ana neman izini ne ko kawai zuwa ake yi, ya kuma maganar tsaro? Sannan ƙanwata ta kafe sai ta bi mu, Hajiyarmu kuma tace ba inda zata sai taji daga bakin wanda ya taɓa zuwa. Na gode.

Na Nguroje:

Wa alaikumus salam ƙanina. Ni a nan sama nake zaune, bari in faɗa maka abinda na sani.

Ka fara gane cewa gandun nan ƙato ne, ya haura murabba'in kilomita 6,000, shi ne mafi girma a ƙasar nan, ya ci Taraba ya shiga Adamawa, tun 1991 aka haɗe na Gashaka da na Gumti suka zama ɗaya. Ɓangaren Gumti ta Toungo ake shigarsa, can daji ne irin wanda kuka saba gani, babu ruwanku da shi. Naku ɓangaren kudu ne. Ku kwana a Jalingo, da sassafe ku kama hanyar Bali har Serti, a nan hedikwatar gandun take, nan zaku biya ku karɓi takarda a haɗa ku da ma'aikaci. Kar wani a tasha yace muku ku bar wannan wahalar shi zai kai ku da araha, wallahi in aka tare ku a ciki babu takarda ku da maharba duk ɗaya ne a idonsu.

Daga Serti sai Mayo Selbe, a nan hawan Mambila yake farawa, hanya ce mai kwana kwana, duk mai yin amai a mota ya zauna gaba kuma kar ya cika ciki, musamman wajen hawan da ake kira Biyu da Sisi. In kun haye sai Maisamari sai Nguroje. Tun daga nan kuna kusan mita 1,600 ne sama da teku, kaga kenan mota ta rage muku fiye da rabin hawan, amma kar wannan lissafin ya ruɗe ka. Daga Nguroje zaku ɗau acaɓa ko tsohuwar Land Rover irin tamu ta nan zuwa Njawai, hanyar ba kwalta, jar ƙasa ce da duwatsu da gangare, bayanka zai gaya maka. Daga Njawai kuma ƙafa ce.

Shi dutsen ba irin su Kufena bane da zaka riƙa kama fa da hannu, ba igiya ba komai, tuddai ne na ciyawa ɗaya bayan ɗaya, ka hau ka gangara cikin kwari ka tsallake rafi ka sake hawa, kana hango wani tudu kace to ga shi nan mun iso, kana kaiwa kansa sai kaga wani ya leƙo a bayansa ya fi shi, haka zaka yi ta yi har ka daina tambayar ɗan rakiya saura nawa. Abinda ke karya mutane kenan, ba tsayin ba. Saukowa kuma gwiwa take ci, kowa ya samu sanda tun daga ƙasa. Ku sa a ranku sai kun kwana a hanya, ku zo da tanti da bargo mai kauri da rigar sanyu da hular da ke rufe kunne, iskar saman nan ba ta wasa, kuma da safe raɓa na jiƙa wando har cinya. Ni dai nafi ba ku shawarar Janairu ko Fabrairu, makiyaya sun ƙone ciyawa hanya ta fito, rafuka sun ja baya. Da damina kar ma ku fara, ruwan nan yakan soma da wuri ya kuma daɗe bai ɗauke ba.

Maman Ilham:

Malam Na Nguroje ya gama magana kan hanya, amma gaskiya ni ban yarda da shi ba a kan wata. Janairu hazo ne ya rufe ko'ina, ka sha wannan wahalar duka ka kai ƙololuwa a ce maka ga Kamaru can amma ba abinda kake gani sai fari fat, ga tuddan duk sun yi baƙi da toka tana shiga hanci da ido. In don kallo zaku ku je ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, ruwa ya ɗauke, ƙasa bata gama bushewa ba, ko'ina kore. Eh ciyawa doguwa ce kuma akwai kaska, sai a cusa wando cikin safa a duba jiki da yamma, shikenan.

Sannan ƙanina zan faɗa maka abinda ba shi ka tambaya ba. Kowa Chappal Waddi yake so saboda lamba ce, aje a ɗau hoto ace an taka. Amma abinda babu irinsa a wani wuri a arewa yana ƙasa ne, cikin kurmi. Ni aikin makaranta ya kai ni lokacin ina karatun ilimin halittu, daga Serti muka shiga ƙauyen Gashaka, daga nan muka taka zuwa Kwano inda masu bincike daga wata jami'a ta Landan suka kafa sansani tun shekarar 2000 suna bin birai. Tafiyar 'yan awoyi ce, ba hawa mai yawa sosai, amma kana shiga ƙarƙashin itatuwan nan rana ta ɓace, ƙasa duk ruɓaɓɓen ganye mai laushi, gumi na zuba don iska bata motsi, sai kaga biri mai baƙi da fari da doguwar jela ya yi tsalle daga wannan reshe zuwa wancan. Manyan biran nan cimfanzi kam ganinsu sai an yi sa'a don suna gudun mutum, amma zaka ga sheƙar da suke lanƙwasa rassa su kwana a can sama, ɗan rakiyarmu ya tsinto mana 'yan sanduna da suka fere suka zura a rami suna ciro kwarkwasa suna ci, wasu kuma na ɗibar zuma ne, bakin sandar duk ya tattaune. Da sassafe kuma sai kaji suna ihu suna dukan gindin itace kamar ana dakan sakwara a maƙota. Ga kogin Mayo Kam inda ake zuwa kallon dorina, ruwan garau, akwai giwan ruwa a ciki, akwai kada kuma, don haka ba duk inda kaga ruwa mai kyau zaka faɗa wanka ba sai ka tambaya.

Tsando ne kawai zai dame ku a ƙasan, cizonsa na ratsa riga, ku guji baƙaƙen kaya da shuɗi don su yake bi, ku sa masu ruwan ƙasa da dogon hannu.

Maganar ƙanwarka, ka gaya wa Hajiya ni mace ce naje na dawo lafiya lau. Ta sa wando mai kauri a ciki ta ɗora doguwar riga da bata jan ƙasa, ƙaramin hijabi, takalmin da ta riga ta saba da shi ba sabo ba, in akwai wata mace a tafiyar ya fi don su haɗa tanti. Amma ta fara atisaye tun yanzu da jaka a baya, ku ma haka.

Baba Alhaji Mai Ritaya:

Yarana sannunku. Na yi aiki a wannan yanki shekarun baya, kuma har yanzu ina da mutane a Serti, to bari in taɓa maganar tsaro tunda naga duk an tsallake ta.

Dajin nan yana da masu cin abinci a cikinsa ba bisa ƙa'ida ba, maharba, masu haƙar ma'adinai, da masu saran madobiya wadda a can suke kira madrid, an yi shekaru ana loda ta a tirela ana fitarwa waje har aka kusa ƙarar da ita a Taraba. An sha kashe ma'aikatan gandun a bakin aiki, wannan ba ɓoyayyen abu bane. Daga 2017 da gidauniyar ANI mai aikin kare gandun daji ta shiga yarjejeniya da hukumar gandun daji ta ƙasa an ƙara ma'aikata da horo da sintiri, abubuwa sun yi sauƙi, amma labarin bara ba ya maganin bana. Ku kira hedikwata ana saura mako guda ku ji halin da ake ciki, in sunce kar a bi wani wuri to kar a bi, kuma kar ku yi tafiyar dare tsakanin Jalingo da Serti ko da direba ya rantse muku.

Na biyu ladabi. A saman tuddan nan akwai rugage da ƙauyuka da doka ta bar su a cikin gandun, irin su Selbe da Filinga da Chappal Hendu, mutane ne da suka riga gandun zama a wurin. In kun isa ku fara neman jauro ko ardo ku gaishe shi, ku riƙe goro da sukari da ganyen shayi, kar ku ɗaga waya kan matan mutane ko shanunsu ba ku tambaya ba. Fulatanci ne yaren wurin duk da ana jin Hausa, ko gaisuwa ce ku koya. Su zasu nuna muku inda ruwa mai kyau yake, su sayar muku da nono, in wani ya gurɗe ƙafa dokinsu ne zai sauko da shi don mota bata zuwa.

In kun bi shawarar 'yata Maman Ilham kun shiga ƙauyen Gashaka ku ce a nuna muku kufan ganuwar Jamusawa a kan tudu. Ƙasar nan ai a hannun Jamus take kafin yaƙin duniya na farko, daga baya Ingila ta riƙe ta, sai a ƙuri'ar 1961 mutanen wurin suka zaɓi Najeriya aka yi lardin Sardauna. Dutsen da kuke son hawa ma a kan iyaka yake, kowa ya riƙe katin shaidarsa a jiki.

Ɗan Fagge:

Kai masha Allah, Baba mun gode Allah ya ƙara girma, Anti na karanta wa Hajiya naki ta yi shiru tace zata yi tunani, wannan a wajenta rabin yarda ne. Yanzu rigima ta koma tsakaninmu, wasu kurmi wasu dutse. Yaya Na Nguroje za a iya haɗa biyun a tafiya ɗaya? Kuma ya abinci da cajin waya?

Na Nguroje:

Za a iya in kuna da lokaci da kuɗin 'yan dako, tunda duk ta Serti zaku bi, ku fara da kurmin ƙafa ta saba sannan ku hau sama. Hajiya Maman Ilham ta fi ni gaskiya kan hazo, na sallama, amma in Nuwamba zaku ku tambayi yanayin rafuka tukuna. Abinci ku riƙe mara nauyi, garin kwaki, ƙuli, kilishi, dabino, Indomie, shayi, da gishiri da sukari na zawo ko da wani cikinsa zai ɓaci, ruwan rafi kuma a tafasa. Sabis babu a yawancin hanyar, ku gaya wa gida tun kafin ku shiga kar hankalin Hajiya ya tashi, fawa bank kuma ku kwana da shi cikin bargo don sanyi na zuƙe caji. Kuɗi a hannu, ƙananan canji, bayan Nguroje ba mai karɓar tiransifa.