Dunduniya na neman hana ni neman aiki, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman na Bauchi. Tun da na gama bautar ƙasa nake zagayen kai takardu ofisoshi da makarantun kuɗi, kuma yawanci a ƙasa nake takawa daga Yalwa zuwa cikin gari, don kuɗin abin hawa ya fi ƙarfin aljihuna.

Matsalar dunduniyata ce ta dama. Da asuba in na sauko daga gado, takun farko kamar na taka ƙusa. In na ɗan zagaya sai ya lafa, da yamma ya dawo. Takalmin da nake zuwa intabiyu da shi sau-ciki ne na gwanjo, ƙasansa ya cinye ta gefe guda, cikinsa ba laushi ko kaɗan. Wani abokina ya ce in koma kambas mai tudu a tsakiyar tafin ƙafa, amma wa zai shiga gaban masu ɗaukar aiki da yadi da hula da kambas? Na kai wa shumeka ya liƙa soso a ciki, sai takalmin ya matse ni, yatsu suka yi kanta.

Yanzu wata makaranta ta kira ni koyarwa, aikin tsayuwa ne daga safe har azahar. In faɗa musu halin ƙafar tun yanzu, ko in yi shiru kada su fasa? Sannan a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, wane irin sau-ciki zan nema mai taushin ciki da bai wuce kuɗin talaka ba? Wanda ya taɓa fama da wannan ciwon, takalmi kaɗai ya ishe ka ko sai da ka je asibiti?