Tafiya Gembu daga Jos da guzuri kaɗan: ina neman shawara

Malamin Gangare:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni malamin makaranta ne a nan Jos, kuma ni da wani abokin aikina mun ƙudiri niyyar yin amfani da hutun ƙarshen shekara mu ziyarci Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna da ke kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba. Ba mu da mota, ba mu da ɗan'uwa a can, kuma abin da muka tanada bai taka kara ya karya ba. Ina roƙon waɗanda suka san wurin su faɗa mana hanyar da ta fi sauƙin kuɗi, da yadda sha'anin masauki da abinci yake, da kuma ko watan Disamba ya dace da wannan tafiya. Abokin nawa yana da burin mu hau dutsen Chappal Waddi, to shin hakan zai yiwu ga mai ƙaramin ƙarfi?

Tsohon Direba, Bukur:

Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko da ya kamata ku sani shi ne, a tafiyar Mambila hanya ce take cin kuɗi, masauki da abinci kuwa masu sauƙi ne, saboda haka ku ware wa mota kaso mafi tsoka na guzurinku tun kafin ku bar gida, kuma ku ajiye kuɗin dawowa daban inda hannu ba zai riƙa kai wa gare shi ba.

Daga Jos, ni dai na fi amincewa da hanyar Bauchi zuwa Gombe, a bi ta Numan a faɗa Jalingo. Tana da tsawo, amma motocin haya ba sa yankewa a kanta, kuma duk inda dare ya riske ku akwai gari babba. Ku kwana a Jalingo, ku yi sammako zuwa tasha bayan sallar asuba, domin motocin Gembu da safe suke lodi, wanda ya makara kuwa sai dai ya yi ta yankar hanya guntu-guntu, abin da yake ƙara kuɗi ba kaɗan ba. Daga Jalingo za ku wuce Garba Chede, ku wuce Bali, ku isa Serti, sannan Mayo Selbe, inda hawan dutse yake farawa gadan-gadan. Daga nan hanya ce mai kwana-kwana, gefe guda dutse gefe guda rami, har ku hau sama ku bi ta Maisamari da Nguroje kafin ku shiga Gembu.

Shawarata a nan ba ta kuɗi ba ce, ta rai ce. Kada ku yarda a hau da ku wannan dutse da daddare, ko da direba ya rantse muku cewa ya san hanyar kamar yunwar cikinsa. Idan la'asar ta yi muku a Serti, ku kwana a nan, kuɗin ɗaki na dare ɗaya ba asara ba ne. Kuma kafin ku biya kuɗin mota ku dubi tayoyinta, ku dubi yawan kayan da aka ɗaura mata, domin motar da aka cika wa kaya fiye da kima ita ce take yin zafi a tsakiyar hawa, birkinta kuma ya wahala a gangara.

Hajiya 'Yar Nguroje:

Malam, Allah ya kai ku lafiya. A can aka haife ni, aure ne ya kawo ni Jos, don haka bari in ɗora a kan abin da Baba Direba ya faɗa. Disamba lokaci ne mai kyau, domin damina a Mambila tana da tsawo da ƙarfi, tun daga wajen Afrilu har zuwa Oktoba, kuma a lokacin hanyoyin ƙauyuka sukan zama laka, 'yan acaɓa su ninka kuɗinsu, kuma da gaskiyarsu. Abin da za ku rasa a rani shi ne koren ciyawar nan da ake gani a hotuna, domin tuddai sukan bushe, hazo kuma yakan rufe nesa. Mai son kore tare da busasshiyar hanya, farkon Nuwamba ya fi masa, sai dai ku malamai ba ku da hutu a lokacin.

Mutanen Jos sukan ce sun saba da sanyi, amma kada wannan ya ruɗe ku. Jos tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200, shi kuwa tsaunin Mambila matsakaicin tsayinsa ya kai wajen mita 1,600, ga iska da babu abin da yake tare ta. Ku shiga kasuwar Katako ku sayi rigar sanyi mai kauri da safa da hular sanyi, ku kuma ɗauki bargo, domin ƙananan masaukai masu araha ba lalle ne su ba ku mai nauyi ba. Kafin ku karɓi ɗaki ku tambaya ko za a dafa muku ruwan wanka da safe, ku daidaita a kan haka tun farko.

Game da abinci, ku ci abin da ƙasar take nomawa: masara, da dankalin Turawa, da ayaba, da fiya, ga nono da kindirmo, tunda ƙasar shanu ce. Duk abin da aka hauro da shi daga ƙasa a mota, kamar man fetur da kayan gwangwani, ya fi tsada. Ku riƙe tsabar kuɗi da ƙananan canji, domin a ƙauyuka layin waya yakan ɗauke, tura kuɗi ya gagara, kuma ku tafi da abin cajin waya na tafi-da-gidanka. Da Hausa za ku biya bukatunku a kasuwa da tasha, amma Fulatanci ne ya fi yawo tsakanin ƙabilun wurin, kuma gaisuwa da shi tana buɗe ƙofa. Idan akwai wani malami a makarantarku da ya yi hidimar ƙasa a can, ku nemi ya haɗa ku da wanda ya sani, domin baƙon da aka san wanda ya aiko shi ba ya rasa wurin kwana. Kada ku dawo ba ku je gonar shayi ta Kakara ba, tana kusa da hanyar da za ku bi.

Mai Yawon Duwatsu, Rayfil:

Ni zan tsaya a kan batun Chappal Waddi kawai. Shi ne dutse mafi tsayi a Nijeriya, mita 2,419, yana kan iyaka da Kamaru, kuma yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti wanda aka kafa a 1991. Wannan yana nufin ba a hawansa kai tsaye yadda muke hawan duwatsun Shere a ƙarshen mako. Sai an nemi izini daga ofishin gandun da ke Serti, a biya kuɗin shiga, a ɗauki jami'in da zai yi rakiya, a ɗauki babur zuwa ƙauyen da ake fara tattaki, sannan a kwana a daji, ga abincin kanku da na masu rakiya. Idan ku biyu ne kaɗai za ku ɗauki wannan nauyi, ina ganin zai cinye guzurin tafiyar baki ɗaya. Ku bar shi sai kun tara abokan tafiya da za a raba kuɗin da su. A wannan karon dajin Ngel Nyaki da ke kusa da ƙauyen Yelwa zai ishe ku, domin ana zuwa a dawo a yini guda.

Malamin Gangare:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abokina ya haƙura da dutsen zuwa wani lokaci. Sai dai, Baba Direba, wani ya ce mana hanyar Shendam zuwa Ibi ta fi kusa, ko me za ka ce?

Tsohon Direba, Bukur:

Gaskiya ya faɗa, Malam, ta fi kusa, amma a Ibi sai an tsallake kogin Binuwai da jirgin fito kafin a kama hanyar Wukari, daga nan a bi ta Mutum Biyu a fito Garba Chede. Mai motar kansa yana iya cin riba, amma ku da za ku sauya mota sau da yawa, kuna jiran kowace ta cika, abin da kuka rage a nisa za ku biya shi a jira da ƙananan kuɗaɗen mota. Idan duk da haka kuna sha'awarta, ku je tasha kwana ɗaya kafin tafiya ku tambayi direbobin da suka dawo ta can a wannan makon halin da hanyar take ciki, musamman ta fuskar tsaro, sannan ku yanke shawara.