Rigingine ko rubda ciki: wace kwanciya ce ta fi aminci ga jariri?

Mai jego:
Assalamu alaikum. Jaririna yana da wata biyu, kuma a asibiti an umarce ni da in riƙa kwantar da shi rigingine domin kauce wa mutuwar farat ɗaya da ke ɗauke jarirai cikin barci ba tare da an gano musabbabinta ba, amma surukata tana tsoron tumbudi ya shaƙe shi. Ina roƙon masu sani su fayyace mini.

Ungozoma:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya raya. Tsoron Hajiya na ƙauna ne, amma shawarar asibiti ce daidai. Idan jariri yana rigingine, hanyar numfashinsa tana saman hanyar abinci, saboda haka abin da ya tumbuɗo yakan koma ciki maimakon ya gangara huhu. A Amurka, ƙungiyar likitocin yara ta shawarci iyaye su daina kwantar da jarirai rubda ciki tun 1992, aka kuma ƙaddamar da gangamin wayar da kai a 1994, kuma cikin shekarun da suka biyo baya wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi. Haɗarin ya fi tsanani tsakanin wata 2 zuwa 4, musamman ga bakwaini da wanda aka haifa da ƙarancin nauyi. Ki kwantar da shi kan katifa mai ƙarfi, ba matashi, ba tarin zannuwa kusa da fuskarsa, ko da barcin rana ne.

Wani uba:
Ina jan hankalin 'yan'uwana maza kan hayaƙin taba, domin yana cikin manyan abubuwan da ke ƙara haɗarin, tun jaririn yana ciki. Haka nan da hunturu mukan lulluɓe shi da bargo har kansa, alhali zafi mai yawa shi ma illa ne; kaskon garwashi a rufaffen ɗaki kuwa yana iya halaka har manya.

Ungozoma:
Gaskiya ne, Malam. Na ƙara da cewa shayar da nonon uwa da kammala allurar rigakafi suna rage haɗarin. 'Yar'uwa, jaririn ya kwana ɗaki ɗaya tare da ke aƙalla wata 6 na farko, amma a shimfiɗarsa daban cikin gidan sauro, kuma kada barci ya ɗauke ki kan kujerar falo alhali yana jikinki.